Babur Ɗin Issufu Da Ban Duba Ba

Da sunan Allah nake farawa, Shi da babu abin da ke ɓuya gare Shi, har wanda mutum ya ɓoye wa matarsa.

Ku 'ya'yana da jikokina, wannan shi ne babin da na yi ta tsallakewa. Na ba ku labarin yadda na koyi kanikanci a Katsina, na ba ku na zuwana Makka, har na gundure ku da na shekarar da na gwada tuƙin mota na kasa. Wannan kuwa, duk ranar da na ɗauki biro sai in tuna da wani aiki da ya fi shi gaggawa, ko da gyaran ƙyauren akurkin kaji ne. Hajjo ce ta zaunar da ni yau, jikata ta fari da ta tashi a gidan nan, wadda aka sa ranar aurenta bayan babbar Salla. Makon jiya ta kawo mini fura a zaure, na tsokane ta kamar yadda na saba, na ce to amarya, kin samu yaro kin yar da tsohon mijinki. Ta yi dariya. Sai na ce ya kamata ta shirya ta tsallaka iyaka zuwa Ɗan Issa ta gaida mahaifinta, ta sanar da shi da bakinta. Nan take dariyar ta ɗauke.

"Kaka, ni ba ni da abin da zan ce da mutumin da ya kusa kashe uwata saboda gudun banza. Kai ka riƙe ni, kai za ka ba da ni."

Furar nan ban iya shanye ta ba. Hajjo shekararta biyu lokacin da abin ya faru, ba ta ga komai ba, ba ta san komai ba. Maganar da ta yi a gidana ta koye ta, a bakin kakarta da bakin ƙannen uwarta, ni kuwa ina zaune ina ji shekara goma sha takwas ban ce uffan ba. To ku kasa kunne. Mahaifinta Issufu bai yi gudu ba, kuma ni na fi kowa sani.

Sai na fara gaya muku aikin da nake yi a lokacin, don ƙanananku sun same ni ne tsoho mai tasbaha a ƙofar gida. Kabu-kabu ya yi yawa a Jibiya a shekarun nan, babura suna ɗaukar mutane da buhuna da jarkoki daga tasha su bi ta Magama su tsallaka Ɗan Issa, wasu har Maraɗi. Babur ɗin da aka yi don mutum biyu sai ka gan shi da mutum uku da buhun gero da akuya. Haɗari ya yawaita, jami'an nan da jandarmomin can suka shiga kama duk babur ɗin da suka ga ya tsufa. Sai dattawan ƙungiyarmu ta masu babura suka ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, gara mu duba kayanmu da kanmu. Aka yanke cewa sau biyu a shekara kowane babur zai zo a duba lafiyarsa, wanda ya wuce a liƙa masa sitika a tanki, wanda ya faɗi ba zai ɗauki fasinja a tasha ba sai ya gyara. 'Yan'uwanmu na can ƙetare suna ce wa dubawar bizit, har mu ma muka ɗauka. Mu biyu aka naɗa. Ni ina duba ran Laraba, wani bakanike mai suna Tanimu yana duba ran Asabar. Tanimu, Allah ya jiƙansa, mutum ne mai sanyin hali, in ka gaishe shi da kyau ka riga ka ci rabin jarrabawa. Ni kuwa ba a so a faɗa hannuna.

Lawai Kunne ake ce mini, don tun babur bai iso ba nake jin ciwonsa a kukansa. Ina da hanyata wadda ba na sauyawa. In sa a tayar da shi in saurara. In matse birkin gaba in girgiza shi gaba da baya. In tsuguna in bi sarƙa da taya da yatsa, sannan in cusa hannu ƙarƙashin tanki in lalubi wuyansa, wato inda kan babur ya haɗu da gangar jikinsa, don nan ne ran mahayi yake. Daga ƙarshe in hau in je tsamiyar bayan tasha in dawo. Yaran nan ba irin dabarar da ba su yi mini ba. Sai mutum biyar su yi karo-karon taya ɗaya mai kyau, wannan ya ɗaura ya wuce, a kwance a ɗaura wa na gaba, kamar rigar aro ranar biki. Da na gane sai na riƙa yi wa kowace taya zane da ƙusa a gefe. Ranar da taya ɗaya ta dawo gabana sau uku, na ce a gaida ta, ta fi masu ita zuwa aiki. A shekarar farko waɗanda na kayar sun fi waɗanda suka wuce yawa, har aka kai ƙarata wurin ciyaman ɗinmu Alhaji Sada, ya ce da su wanda bai iya Laraba ba ya jira Asabar. Na kayar da ɗan limaminmu, na kayar da ƙanen Alhaji Sada kansa. Suka laƙa mini suna na biyu, Ba Sani Ba Sabo, ni kuwa ina jin daɗinsa fiye da na yanka. Abin alfaharina ɗaya ne, kuma nakan faɗe shi ko ba a tambaye ni ba: babur ɗin da ya wuce ta hannuna bai taɓa kayar da kowa don lalacewa ba.

Rakiya ita ce 'yar farina. Kun san yadda muka tashi, mutum ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya wasa da shi gaban mutane, ba ya nuna ya damu da shi. Ko zazzaɓi take yi sai dai in ce da innarku, yarinyar nan ta ci abinci kuwa? Yanzu ma da na rubuta sunanta sai da na ji wani iri. Da ta isa aure, ita ta kawo Issufu, ɗan kabu-kabu mutumin Ɗan Issa da ke kama haya a Jibiya. Innarku Binta tun farko ba ta so ba, wai ɗiyarta ba ta rasa manema a gari ba da za a kai ta ƙetare. Ni na binciki yaron, ban samu abin kushewa ba. Ba ya shaye-shaye, ba ya faɗa a tasha, kuma a kan babur har tsiya abokansa suke masa wai yana tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai. Aka ɗaura aure, suka zauna a nan gari, aka haifi Hajjo. Tsakanina da shi kuwa sai kunya irin ta suruki. In ya hango ni a hanya sai ya sauya lungu. In ba makawa, ya tuɓe takalmi ya tsuguna, ni in kawar da kai in amsa a taƙaice. Shekara uku ban taɓa kallon tsakar idonsa ba, ban taɓa cin abinci yana wurin ba. Bizit ɗinsa kuwa kullum ran Asabar yake zuwa wurin Tanimu, kowa ya san dalili, ba wanda ya ga laifinsa.

Wata Laraba da hantsi ina zaune kan bencina ƙarƙashin darbejiyoyin bayan tasha, layi ya yi tsawo, sai na ji hayaniyar yara ta sauya. Na ɗaga kai. Ga Issufu can yana turo babur, ya kashe shi tun daga bakin titi don kada ya iso gabana a kai. Ya kafa shi, ya tuɓe takalmi, ya tsuguna nesa kaɗan.

"Baba, ina kwananku. Na kawo a duba."

Wani shaƙiyyi a layi, wanda na kayar sau biyu, ya ce:

"To jama'a a matso. Yau za mu ga Ba Sani Ba Sabo ya tsuguna gaban surukinshi."

Aka fashe da dariya. Wani ya ce ai dole a duba wannan da kyau, 'yar gida ke hawa. Kuma daga inda nake zaune, ban ko tashi ba, na ga abin da na gani. Babur ɗin ja ne, jan ma ya koɗe saboda rana. Amma a wuyansa, daidai gaban tanki, ga fenti baƙi sabo fil, faɗin tafin hannu, yana ƙyalli. Wanda ya yi shekara ɗaya a gareji ma ya san ba a yi wa wurin nan fenti don ado. Walda ake rufewa. Wuyan ya taɓa tsagewa aka liƙe, kuma wuyan da ya tsage ba ya jin walda, sai dai a sauya ƙarfen gaba ɗaya. Da na kowa ne, ko tayar da shi ba zan bari a yi ba.

Zan gaya muku abin da ya zo mini a rai, ba don ya wanke ni ba. Na ce in na tashi na tsuguna ina lalube, ga shi tsugune ga ni tsugune, mun zama abin kallo. In na kayar da shi, a ce na tozarta surukina a bainar jama'a, danginsa da ma suna cewa gidanmu na raina su. In kuma na tsananta bincike, a ce dattijo ya kasa ɓoye son 'yar fari. Sai wata dabara ta zo mini, irin dabarar da Shaiɗan ke kawowa da sauri: in sallame shi yanzu, da yamma in aika a gaya masa a asirce ya ajiye babur ɗin. Na kalli gefe na ce da magatakardan ƙungiya da ke riƙe da sitika:

"Liƙa mishi."

Aka sa ihu ana tafi, wai ashe akwai sani akwai sabo. Issufu bai tashi ba. Yana nan tsugune, kansa a ƙasa, ya ce a hankali:

"Baba, ba ku hau ba."

"Na ji kukanshi jiya da ka wuce. Lafiyarshi lau. Na gaba."

Ƙarya ce, ban ji shi jiya ba. Ya ɗan ƙara jimawa, sannan ya miƙe ya ɗauki takalmansa ya tura babur ɗin ya tafi.

Da yamma ban aika ba. Wa zan aika, in ce masa me? In ce Lawai Kunne ya liƙa sitika a kan babur mai karyayyen wuya? Duk wanda na aika, kafin magariba tasha ta ji. Na ce gobe in samu innarku ta gaya wa yarinyar ta gaya masa. Gobe ta yi, na ga innarku za ta tambaye ni yadda aka yi na bar shi ya wuce, kuma kun san bakinta. Na ce bari Juma'a in tare shi bayan masallaci. Ran Juma'a na hango shi, ya hango ni, ya sauya hanya don ladabi, ni kuma na ji sanyi a raina da ya sauya. Haka na yi ta yi har kwana tara. Wanzami ba ya son jarfa, ni da na saba tona asirin babur ɗin kowa na kasa tona nawa na minti ɗaya.

Rana ta tara aka yi suna a gidan wansa Habu a Ɗan Issa. Rakiya na da ciki wata biyar. Hajjo tana wurin innarku an kawo ta yaye, shi ya sa ba ta kan babur ɗin, kullum in na tuna sai na yi hamdala. Bayan la'asar suna dawowa, sun kusa Magama, tayar gaba ta faɗa wani ɗan rami da kowane babur ke faɗawa sau goma a yini. Wuyan ya rabu. Kan babur ya yi gabas, sauran ya yi yamma. Issufu ya karye a cinya da ƙwauri. Rakiya ta karye a kafaɗa, cikin kuma ya zube kafin a kai ta asibiti. Namiji ne, innarku ta gaya mini daga baya, ban tambaye ta ba.

Washegari aka kawo gutsattsarin babur ɗin garejina a bayan a-kori-kura. Na jira kowa ya watse, na juya wuyan na duba. Tsatsa ta ci fiye da rabin tsagar, tsohuwar karaya ce, waldar a sama kawai aka shafa ta. Ko makaho ya laluba ya san ba jiya ta faru ba. Ina tsaye a kai sai ga Alhaji Sada. Ya dubi sitikar da ke kan tanki, ya dube ni.

"Kunne, mi ka gani?"

Bai jira amsata ba, ya ci gaba:

"Ka san in aka ce babur mai sitikarmu ya rabe biyu da kanshi, daga gobe ba jami'in da zai ƙara kallonta, nan da can. Yara ɗari nawa ke ci da ita? Ni dai abin da na ji, ya faɗa rami da gudu. Ko gudu bai karya ƙarfe?"

"Gudu na karya ƙarfe," na ce.

Kun ji wayon banza. Ban ce Issufu ya yi gudu ba, na dai ce gudu na karya ƙarfe, na riƙe wannan a raina shekara da shekaru kamar wata hujja da zan kai gaban Allah. Kuma kada ku ɗora wa Alhaji Sada. Shi bai ga fentin ba, tambaya ya yi, da na ce masa tsohuwar karaya ce da ya yi shiru ya karɓa. Ba yara ɗari nake karewa ba, sunana nake karewa. Kafin azahar na sa zarto na yanke wuyan, na haɗa shi da tarkacen da 'yan gwangwan ke saye. Kafin la'asar gari ya ɗauka cewa Kunne ya duba ya ce gudu ne.

Daga asibiti gidan nan aka kawo Rakiya jinya, ɗakin innarku. Issufu kuma danginsa suka tafi da shi can wurin mai ɗori. Kwana uku da dawowarta ina alwala a tsakar gida, innarku ta fito ta tsaya a kaina.

"Malam, kai ka duba babur ɗin nan da kanka ko?"

"Ta wurina ya wuce."

"To shi ke nan. Babur lafiya lau, mutum ya ɗauki mace da ciki ya riƙa tsere da iska. Wallahi ta gama zama da shi."

Daga cikin ɗaki na ji muryar yarinyar, ƙasa-ƙasa:

"Inna, ba gudu yake ba. Hira ma muke, yana ba ni labarin ragon suna."

"Rufe mani baki. Ke mi kika sani? Ubanki da ya shekara talatin cikin baƙin mai ya ce gudu ne, ke kin fi shi sani?"

Labulen ɗakin a ɗage yake. Ta juyo da kai tana kallona, kallon da ba ta taɓa yi mini ba tun da aka haife ta, don ita ma kunyata take ji. Jira take in yi magana. Na ɗauki butata na fita masallaci, ko lokacin salla bai yi ba.

Sau uku aka zo biko. Na farko dattawan gidansu, innarku ta ce yarinya ba ta warke ba. Na biyu wansa Habu, ta ƙeƙasa ƙasa ta ce ba ta haifi 'ya don a kashe mata a titi ba. Ni duk ina zaure ina cewa a yi haƙuri, sha'anin mata sai a hankali. Mutanen unguwa har yaba mini suke wai ban sa baki a maganar 'yar fari ba, na cika dattijo. Abin da ya fi ci mini rai a watannin nan ba faɗan innarku ba ne. Wata rana na ji Rakiya tana ce wa ƙanwarta, wataƙila gudun yake yi ita ce ba ta lura ba, tunda Baba ya faɗa. Yarinya tana kan babur ɗin da jikinta, amma ta ƙaryata idonta ta gaskata ni.

Biko na ukun Issufu ne ya zo da kansa, bayan wata bakwai, yana dogara sanda, ƙafar ta ɗoru a karkace. Ya yi ta fama zai tsuguna a zaure, ƙafar ta ƙi lanƙwasuwa, ya zube a gefe ɗaya. Innarku tana bayan ƙofa tana zuba masa magana, ba wadda ba ta faɗa ba. Da ta tsagaita sai ya ce, kansa a ƙasa:

"Baba, ku ne kunka san babur."

Ƙofa ce ya buɗe mini, faɗinta ya isa in wuce da rawanina. Na ce:

"Abin da Allah ya rubuta ba makawa. Sai haƙuri."

Ya ce haka ne. Ya lallaɓa ya miƙe. Bayan sati biyu ya aiko da takarda, ya ce tunda zaman ya zama fitina ga iyaye, ya sawwaƙe mata. Hajjo ma bai nemi a ba shi ba, ko da ta isa a karɓa. Rakiya ta yi wata guda ba ta cin abincin kirki. Bayan shekara biyu ta auri wanda take aure yanzu a Katsina, mutumin kirki ne, ba ni da abin cewa a kansa. Ni kuwa na ci gaba da duba babura shekara goma sha ɗaya, na ƙara tsanani har yara suna cewa tsufa ya sa ni mugunta. Innarku ta rasu shekara huɗu da suka wuce tana tsine wa gudun Issufu. Na zauna a gefenta kwana shida a asibiti, ba abin da ba mu yafe wa juna ba, wannan kaɗai na kasa fitarwa.

Kwana biyu bayan maganar Hajjo ta makon jiya na hau kabu-kabu na tsallaka Ɗan Issa. Ban sha wahalar nemansa ba, yana facin taya a bakin hanya ƙarƙashin wata rumfar kara, gemunsa ya yi fari kamar nawa. Da ya gane ni sai ya hau kokawa da ƙafar nan zai tsuguna. Na ce ya zauna don Allah. Na zauna a kan wata tsohuwar taya, muka gaisa, gaisuwar ta ƙare, ba sauran inda zan ɓuya. Karo na farko a rayuwata na kalli idonsa.

"Issufu, ranar da ka kawo babur ɗin nan, na ga fentin. Na san walda ce. Na liƙa maka don kunyar mutane. Da ya karye na duba, tsohuwar karaya ce, na bari aka ce gudu ka yi."

Na zaci zai yi mamaki, ko ya zage ni, da ma zagin na zo nema. Sai ya ajiye tiyub ɗin da ke hannunsa ya ce:

"Na san kun gani, Baba. Ai ni na shafa shi."

Na ce ban gane ba.

"Babur ɗin na Yaya Habu ne, ni aiki nike da shi. Da wuyan ya tsage na ce a sauya, ya ce walda ta isa, in sayi jan fenti in rufe in kai ma Tanimu ran Asabar. Ni ba ni iya musu da shi, shi ya riƙe ni tun mutuwar tsohonmu. Sai na sayi baƙi, don shi fito sosai a kan ja. Na ƙi Asabar na zo Laraba. Na ce duk garin ga mutum guda ne ba ya ɗaga ƙafa, in ya kayar da shi Yaya ba ya da ta cewa, dole shi sauya."

Da ƙyar na ce, to tunda ka san halin da yake ciki, don me ka ɗauki yarinyar a kai?

"Kwana ukun farko ko fasinja ban ɗauka ba, ina jiran saƙonku. Da na ji shiru sai na ce, Baba ya gani da idonshi ya ce lafiya lau. Ni wane ne? Ashe waldar ta kama. Hankalina ya kwanta, shi ya sa na ɗauke ta."

Na tambaye shi abin da ya hana shi faɗa ranar biko, ko a gaban alƙali ma, da ya ƙwaci matarsa.

"In ce mi? In ce ubanta ya yi ƙarya, tana bayan ƙofa tana ji? Da wane ido za ta ƙara kallonku?"

Na nemi gafararsa, ya ce ya daɗe da yafewa, kuma yafewar ta fi mini zagi ciwo. Ya tambayi Hajjo, ko ta yi tsawo, ko tana kama da uwarta. Ya aika aka sayo mini ruwan sanyi, ya rako ni bakin titi da ɗingishinsa, ya zaɓar mini babur da kansa, sai da ya matse birkin gaba ya girgiza shi sannan ya bari na hau.

Hajjo, ubanki ke nan. Shi zai ba da aurenki, ni ban cancanta ba, kuma ki je masa tun kafin a fara rabon goro. Rakiya kuwa, sau biyu ina ɗaukar waya in kira ta ina ajiyewa. Na iya tsallaka iyaka na kalli Issufu, amma ita har yau na kasa. Wanda ya fara karanta wannan a cikinku ya kai mata Katsina, ya karanta mata tun daga farko, kada ya tsallake komai. Ku ce mata ba gudu yake ba, hira suke yi, ita ce mai gaskiya.